Jiri ya ɗebe ni a kan ƙarfen sabis, in faɗa wa oga ko in yi shiru?

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun ranar Talata, ko maiɗakina ban faɗa wa ba. Shekarata 17 ina hawan ƙarfen sabis, tun ina yaron wani ina miƙa sufana har na zama ni ake miƙa wa, ban taɓa jin ko ɗar ba. Ranar Talata muna aiki a bayan Wudil, ina wajen mita 40 daga ƙasa, na ɗaga kai zan ɗaure notin da ke riƙe da eriya, kawai sai duniya ta juya. Ba irin duhun nan da mutum ke gani in ya miƙe da sauri ba. Ƙarfen ne na ga yana wulwulawa kamar fanka, gonakin da ke ƙasa suka koma sama. Sufanar ta suɓuce, Allah ya sa babu kowa a saitin. Na rungume ƙarfe na runtse ido, ƙugiyoyin bel ɗin tsarona biyu suna maƙale. Bai kai minti ɗaya ba ya wuce. Yaron da ke ƙasana ya ce "Oga lafiya?" na ce masa rina ce ta taso mini. Na ƙarasa aikin na sauko, amma har muka shiga mota gwiwoyina rawa suke. Daren jiya kuma da na juya ɓangaren hagu a kan katifa, ɗakin ya sake juyawa.
Ranar Litinin akwai wani aikin. In na faɗa wa oga na san ajiye ni zai yi, kuma mu in ba ka hau ba babu ko sisi. Shekarata 44, yara 6. Wa ya taɓa ganin irin wannan?

Kafintan Dakata:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa. Ka ci abinci kuwa ranar? Ni in na hau kwano da yunwa haka nake ji.

Baban Walida:
Na ci. Koko da ƙosai, na kuma sha ruwa leda 3 kafin in hau. Daren jiya fa a ƙoshe nake, tuwo na ci.

Ɗan Sola:
Yaya kada ka ji haushina, amma da muka haɗu a ɗaurin auren nan na ga tumbi ya fara gaishe ka. Hawan mita 40 da bel da jakar kaya ba wasa ba ne, kafin ka kai sama ka gama haki, jini ya hau kai. Ni kullum bayan asuba sai na zagaya filin sukuwa, in ja jiki a ƙarfe sau 15. Ka rage teɓa, ka ga in jirin zai dawo.

Baba Magini:
Yaro kenan. Ubana har ya rasu bai taɓa gudu ba sai in kare ya biyo shi, kuma yana da shekara 70 yana zaune a kan katangar soro ana cilla masa tubali yana caɓewa da hannu ɗaya. Mu ginin ƙasa ba mu san wani abin takawa ba, katangar da kake ginawa ita ce kujerarka, ka hau ta kamar doki, kana gini kana ja da baya. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, wane bel ya ɗaura? Sama gado ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ba ɗan gado ba zai iya yin shekara 20 yana hawa, amma wata rana sama za ta ƙi shi. Baban Walida, ɗana, wurin da kuka yi aikin nan akwai tsamiya ko kuka kusa? Ka nemi a yi maka rubutu da turare.

Anti Fiziyo:
Baba, da girmanka, bari in sa baki kafin a kunna garwashi. Baban Walida, tambaya 3. Kunnenka yana ƙara, ko jinka ya ragu? Hannu ko ƙafa sun yi maka nauyi, ko harshe ya karye, ko kana ganin abu biyu-biyu? Ka sha wani magani, ko ka bugu a kai kwanan nan?

Baban Walida:
Babu ko ɗaya Anti, sai na ƙarshen. Wata 2 da suka wuce na faɗi a babur, kaina ya bugi kwalta. Ƙulu kawai ya yi, ko kemis ban je ba.

Anti Fiziyo:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Ba a gane cuta ta waya, sai an gwada ka, amma bari in faɗi abin da nake zato, don kowa a nan ya shafe shi.
Tsayuwar mutum kamar tukunya ce a kan murhu, duwatsu 3 ke riƙe da ita. Na farko ido. Na biyu tafin ƙafa da idon sawu da sauran gaɓoɓi, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda nauyinka ya karkata. Na uku yana can cikin kunne, bayan dodon kunne: wasu bututu 3 ne masu lanƙwasa cike da ruwa, kusa da su kuma akwai wata 'yar jaka mai ɗauke da tsakuwoyi ƙanana da ido ba ya gani, sinadarinsu irin na alli. In kai ya bugu, ko shekaru suka ja, tsakuwar kan ɓalle ta faɗa cikin bututun. Muddin kanka yana tsaye ba ka jin komai. Da ka ɗaga kai sama ko ka juya a shimfiɗa, sai ta gangara ta kaɗa ruwan, kunne ya ce wa ƙwaƙwalwa ana juyawa alhali kana wuri ɗaya. In ta kwanta, jirin ya wuce. Shi ya sa ba ya kai minti ɗaya. Abin da ka kwatanta kenan tiryan-tiryan.
A ƙasa, in dutse ɗaya ya goce, biyun za su tallafe ka. A sama labarin ya canza. Wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Thomas Brandt, shi da abokan aikinsa sun nuna a 1980 cewa ido yana daidaita tsayuwa ne da abin da ke kusa da shi. In abin da ido ke kamawa ya yi nisan da ya wuce kamar mita 3, jiki ya fara tangaɗi ba ka sani ba, yana ƙaruwa har wajen mita 20. Wannan ba tsoro ba ne, jarumi da rago duk haka jikinsu yake. Wato tun kafin komai ya same ka, a kan duwatsu 2 kake aiki a can. Ranar Talata ɗaya ya goce, tukunyarka ta rage a kan guda.

Baba Magini:
Likita, ni da ban san Bajamushe ba na san wannan. Ubana cewa yake, in kana kan katanga kada ka kalli gajimare, kada ka kalli wanda ke tafiya a ƙasa, ka kalli hannunka da ƙasar da kake yaɓawa. In ka ji kai ya yi maka wani iri, ka kwanta a kan ginin da ciki.

Anti Fiziyo:
Wallahi Baba abin da su ma suka ce kenan, har da kwanciyar. Amma ka lura, koya maka ya yi. Da a jini take, da bai ɓata bakinsa ba.

Baƙon Kanada:
Wannan maganar gadon ta tuna mini wasu maƙwabtanmu. Ina zaune a Montiriyal, tsallaken kogi akwai garin Kahnawake na 'yan ƙabilar Mohok, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. A 1886 aka zo gina gadar jirgin ƙasa da ta taɓa ƙasarsu, aka ɗauke su leburanci. Masu kwangila suka ga suna yawo a kan ƙarafa a saman ruwa kamar a tsakar gida, sai aka koya musu ɗaurin ƙarfe. Daga nan sana'ar ta zama ta gari, uba ya koya wa ɗa, har suka je Niyok suka yi aiki a benen Empire State da tagwayen benayen nan da aka rusa a 2001. Turawa suka yi ta yaɗa cewa su an halicce su ba sa tsoron sama. Su da bakinsu suna cewa ƙarya ne, suna jin tsoro kamar kowa, sun dai koyi yadda ake aiki da shi.
Ranar 29 ga Agusta 1907 gadar Kebek, a nan Kanada, ta rufta ana cikin gininta, mutum 75 suka mutu, 33 daga wannan gari guda. Ba ƙafarsu ce ta zame ba, lissafin injiniyoyi ne ya ƙwace. Bayan nan matan garin suka tsaya kai da fata cewa mazajensu ba za su ƙara taruwa a wurin aiki ɗaya ba, a rarrabu. Matan ne fa suka kawo wannan doka, ba gwanayen ba.

Baba Magini:
To ai ka faɗa da bakinka, uba ya koya wa ɗa. Gado kenan.

Baƙon Kanada:
Gadon koyo Baba, ba gadon jini ba.

Baba Magini:
Ni dai ina da shekara 7 aka ɗora ni a kan katangar da ba ta kai ƙugun babba ba. Da daddare kuma mu yi langa a dandali har sai an kore mu da bulala. Ni ne ruwa a unguwarmu shekara da shekaru, ba a taɓa kayar da ni kafin in sha ba.

Anti Fiziyo:
Langa! Baba ka gama magana. Tsalle da ƙafa ɗaya, hannu riƙe da ɗayar, ana ture ka kana turewa, a kan ƙasa mai rairayi, cikin hasken farin wata. Da za a ce in tsara wa mai hawa motsa jiki, da wuya in kawo wanda ya fi wannan. Yaran yanzu da suka tashi a kan kujera da waya, su ne za su hau mana ƙarafa gobe.
Bari mu gwada wani abu. Kowa ya cire takalmi, ya tsaya kusa da bango, ba a kan rufi ba don Allah. Ƙafa ɗaya, hannuwa a gefe, wani ya ƙirga maka. Sannan ka sake da ido a rufe. A 2022 wasu likitoci a Barazil sun fitar da binciken da suka yi a kan mutum 1,702 'yan shekara 51 zuwa 75. Kusan 1 cikin 5 sun kasa daƙiƙa 10 da ido a buɗe, kuma cikin shekarun da aka bi su, mutuwa ta fi yawa sosai a cikin waɗanda suka kasa. Ba tsayuwar ce ke kisa ba, alama ce ta abin da ke tafiya a jiki. Su kuma ba ma masu hawa sama ba ne.

Kafintan Dakata:
Ido buɗe na wuce minti, yarinyata ta gaji da ƙirga. Ido rufe 24 a dama, 19 a hagu.

Ɗan Sola:
Wannan gwajin akwai magudi. Ido rufe 6.

Kafintan Dakata:
Hahaha ina jan ƙarfen sau 15? Ko da damtse ake tsayawa?

Anti Fiziyo:
Ƙanina, ba a ce gudunka banza ba ne. Mai hawa yana bukatar numfashi, don wanda ya isa sama a gajiye hannunsa rawa yake, kuma maganar nauyi da ka yi gaskiya ce. Amma ƙirji da damtse daban, idon sawu da ƙugu daban. Kai a kan benci kake motsa jiki, shi Kafinta yini yake a kan katako mai faɗin tafin hannu. Ka riƙa tsayawa da ƙafa ɗaya kana goge baki, safe da dare, ka riƙa ɗagawa a kan yatsun ƙafa, ka yi tafiya dunduniya na taɓa yatsa a kan layin tayil. Bayan wata ɗaya ka dawo mana da lamba. Baba, kai fa?

Baba Magini:
Ni ba na wasan yara.

Mai Falwaya:
Alhaji ka yi, ba abin kunya ba ne. Bari in ba ku nawa. Shekara 28 na yi ina hawan falwaya, tun ana NEPA har ta koma PHCN. Bayan na yi ritaya ban daina ba, unguwa in waya ta tsinke ni ake kira. Ko biri ya karye ya hau rumbu. Abin da ya sauke ni ba faɗuwa ba ce. Wata rana na dawo daga sallar isha'i, na shigo gida, uwargida ta ce "Malam ina takalminka ɗaya?" Na duba, silifas ɗaya ne a ƙafata. Tun ƙofar masallaci ɗayan ya fita, na taka tsakuwa har gida ban ji ba. Da aka auna, ciwon suga ne ya cinye jijiyoyin tafin ƙafar, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Sati 2 kafin nan ina kan tsani a saman turke. Na zauna na yi ta tunani, wato da ƙafar da ba ta jin takalmi nake taka matakala. Wannan shi ne dutse na biyu da Likita ta faɗa, ni nawa ya tafi ba sallama.

Anti Fiziyo:
Allah ya ƙara lafiya Baba Mai Falwaya. Duk mai hawa da ya haura 40 ya riƙa auna suga da hawan jini ko sau ɗaya a shekara. Kuma ku kula da kemis. Ƙwayar murar nan 'yar ƙarama mai sa barci, kinin mai sa kunne ƙara, da allurar jentamaisin da ake dankara wa mutane ba lissafi, wadda kan lalata ma'aunin cikin kunne har abada. Sabon maganin hawan jini ma kan sa jiri in an miƙe, kwanakin farko.

Ɗan Sola:
Tunda an zo maganar ƙwaya a faɗi gaskiya. Yara da yawa da muke ɗauka aikin rana tiramol suke haɗiya kafin su hau, wai tana cire tsoro da gajiya. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 wasu suka koma can gaba ɗaya. Na taɓa sauke wani daga rufin bene, ina yi masa magana yana murmushi, idonsa kamar na kifi.

Anti Fiziyo:
Tiramol tana sa jiri, kuma in an sha da yawa tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ba gargaɗi. Tsoron da suke kashewa kuwa shi ke sa mutum ya duba ƙugiyarsa sau biyu.

Injiniyan Sefti:
Na karanta duka. Ni gyarana ɗaya ne: kowa yana magana kamar in ka ƙware a tsayuwa ka tsira. Wanda ya zame, cikin rabin daƙiƙa ya riga ya yi ƙasa da mita 1 da ɗoriya, kafin hannu ya tuna da kama wani abu. Daga mita 10 mutum yana isa ƙasa da gudun kilomita 50 a awa. Baban Walida yana raye ne don ƙugiyoyinsa biyu suna maƙale, ba don shekara 17 ba. A Amurka dokar wurin gini ta ce daga ƙafa 6 sai da kariya, wato ƙasa da mita 2. Mu nan mita 2 ko hawa ba ma kiransa. Tsani kuma, duk tsawon mita 4 gindinsa ya ja baya mita 1 daga bango, kansa ya zarce bakin rufi da mita 1, kuma cikin hannu biyu da ƙafa biyu, uku su kasance a jikinsa koyaushe.

Kafintan Dakata:
Injiniya, kai a ofis mai sanyi kake. Ni in na sayi bel mai kyau, kuɗin rufin gida guda ya tafi. Kuma a ina zan maƙala shi? Ni ne nake kafa katakon farko, sama da ni sai Allah. Mai gida kuma tsaye yake a ƙasa yana duba agogo.

Injiniyan Sefti:
Maigida, ban ƙi taka ba, har zan ƙara maka. Igiyar nan ta mita 2 mai jakar rage fizga, in mutum ya faɗi warwarewa take yi, tana bukatar sarari wajen mita 6 a ƙasanka. A rufin gida mai hawa ɗaya ka riga ka bugi ƙasa kafin ta kama. Don haka kai ba irin bel ɗin Baban Walida kake bukata ba, gajeriyar igiya ce da za ta hana ka isa baki, da katakon takawa mai faɗi, da barin silifas. Ka shiga asibitin ƙashi na Dala ka tambayi masu karayar baya daga ina suka faɗo. Za ka ji rufin shago, tankin ruwa, bishiyar mangwaro.
Wani abin da ba a faɗa wa masu hawan ƙarfe: in bel ya cece ka kana lilo, agogo ya fara. Madaurin cinya yana tare jini a ƙafafu, mutum ya suma, kuma hukumar kare ma'aikata ta Amurka ta ce ana iya mutuwa kafin minti 30. Baban Walida, da ka saki ƙarfen nan kana reto a mita 40, cikin yaranka wa ya iya sauko da kai?

Baban Walida:
Gaskiya babu. Sai dai su kira oga a waya.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum, ina bin ku daga Nijar. Hasumiyar masallacinmu na Agadas mita 27 ce, ta ƙasa zalla, tun 1515, aka sake ta a 1844. Itatuwan nan da kuke gani sun fito daga jikinta kamar ƙaya, baƙi suna zaton ado ne. Su ne matakan masu yaɓe. Tun ranar gini aka yi tunanin wanda zai hau gyara bayan shekara 100, aka bar masa wurin sa ƙafa da wurin kamawa. Don haka Baba Magini, magabata ma ba da ƙarfin hali kaɗai suka dogara ba.

Alaramma:
Madalla da wannan. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa don su bar igiya a mota, su sani ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum kwana a kan rufin da ba shi da katanga. Kwana kawai fa. Ga kuma azumi saura 'yan makonni. Malamanmu sun ce mai aikin wahala ya kwana da niyya, in ya kai ga tsoron halaka ya sha ya rama. Amma abin da ya fi, a hau da sanyin safiya a sauko kafin rana ta take.

Mai Falwaya:
Allah ya saka Malam. Azumin 2021 da 2022 da ya faɗo a Afrilu, wanda ya hau ƙarfe da azahar ya san ya hau. Ni kuma goman ƙarshe na fi tsoro, a kwana tahajjud, a yi sahur, a wuce wurin aiki.

Anti Fiziyo:
An auna wannan a Ostireliya a 1997. Wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hannunsa da lurarsa sun yi daidai da na wanda ya sha giyar da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi da ita.

Ɗan Sola:
Duk mun ji, amma ba a ba Yaya amsa ba. Ni a ganina kada ya faɗa. Ya ce maiɗakinsa ba lafiya, ya ɗauki sati ɗaya, ya je asibiti a ɓoye. Ogannin nan in suka ji kalmar jiri sun gama da kai, ko ka warke ba za su sake kiranka ba. Akwai yara 20 a layi.

Kafintan Dakata:
Nan kam ina bayan yaron nan. Injiniya albashinsa na shiga ko ya hau ko bai hau ba.

Mai Falwaya:
Ƙarya ɗaya ya riga ya yi, ta rina. Yanzu ya ƙara ta biyu, ya ɗora wa baiwar Allah ciwon da ba ta da shi? Ku tuna ba shi kaɗai ne a kan ƙarfen ba. Sufanar da ta faɗo daga mita 40, da kan yaron nan ta samu fa? Uwarsa ita ma 'ya'ya take ciyarwa. Kuma abin nan Likita ta ce yana iya dawowa. In ya dawo yana sama, gara a ce na kusa da shi ya san abin da ke faruwa.

Injiniyan Sefti:
Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai ogan da zai ajiye shi. Amma wanda ya zo da takardar likita cewa an yi magani an sake gwadawa, ya fi ƙarfin a ce masa komai a kan wanda aka ji labarinsa a bakin yara. Kuma za a ji.

Anti Fiziyo:
Faɗa wa oga shawararka ce Baban Walida. Hawa ranar Litinin kuwa ba shawara ba ce, kada ka hau, babur ma ka bari a ɗauke ka. Ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai a asibitin Malam Aminu Kano, akwai cibiyar kunne ta ƙasa a Kaduna. In abin da nake zato ne, maganinsa ba ƙwaya ba ce. Juya kai ne daki-daki a kan gado har tsakuwar ta koma jakarta, dabarar wani likitan Amurka, John Epley. Yawanci zama ɗaya ko biyu ya isa. Kada ka sayi maganin jiri a kemis, rufe alamar kawai yake yi ya bar ka da barci. In kuwa ka ji hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, a daren za a kai ka, ba jiran safiya.

Baba Magini:
Jikana ya ƙirga mini. 4. Ido a buɗe. Kada wanda ya ce komai.

Kafintan Dakata:
Ba mu ji ba Baba.

Baban Walida:
Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri kwana 10 shiru. Ban hau ba. Na je asibiti, likitan ya zaunar da ni a gado, ya juya kaina hagu, ya kwantar da ni da sauri kan yana reto. Wallahi sai ga ƙarfen Wudil ya dawo, na damƙe rigarsa na ce zan faɗi, yana dariya yana cewa ɗalibansa su zo su ga yadda idona ke rawa. Kunnen hagu ne, kamar yadda Anti ta ce. Ya yi mini juye-juyen nan, na yi amai sau ɗaya. Jiya na koma aka sake gwadawa, ɗakin bai motsa ba. Ya ce in ƙara sati 2 a ƙasa in dawo ya gani kafin ya rubuta mini takarda. An auna jinina ma, ya ɗan hau, an ce in rage gishiri. Ɗan Sola ka ji daɗi, an yi maganar tumbin.
Na faɗa wa oga. Ya yi shiru, ya ce to, ya sa ni a jan igiya da haɗa kaya a ƙasa, kuɗin bai kai rabin na hawa ba. Ko zai mayar da ni sama, bai ce ba, ni ma ban tambaya ba. Yaron nan da na ce wa rina shi ke hawa a wurina yanzu. Da na ba shi haƙuri sai ya ce, "Oga ai na sani, rina ba ta sa mutum ya rufe ido yana salati." Wadda ta fi ba ni wahala maman Walida ce, da ta ji cewa mutum sama da 200 sun san zancen kafin ita. Har yau gaisuwa kawai muke.

Anti Fiziyo:
Alhamdu lillahi. Maman Walida ta fi ka gaskiya, wannan kuma ba sashena ba ne. Ranar da za ka koma, ka fara da ƙarfe gajere.

Baba Magini:
Allah ya ƙara sauƙi ɗana. Ni yau 7.

Baban Walida:
Amin Baba. Wanda kuma hanya ta bi da shi bayan Wudil, in ya ga sufana mai lamba 19 a cikin gonar dawa, an naɗe hannunta da jan salatif, tawa ce.